Ruwa ba ya tsami banza

Karatu na 1: Ruwan farko

Gesheme gari ne na ƙasar Arewa, cikin jihar Doso. A bisa taswirar Faransanci ana rubuta sunansa Guéchémé. Shi da Tibiri da Dumega da Kore Mai Ruwa su ne ƙananan hukumomi huɗu na gundumar Tibiri, wadda aka cire daga gundumar Dogon Dutsi a shekarar 2011. Ƙidayar shekarar 2012 ta nuna mutanen ƙaramar hukumar Gesheme sun haura 100.000.

Babu kogi mai gudu rani da damina a wannan yanki. Amma akwai babban kwari, shi ne Dallol Mauri. Shekaru dubbai da suka wuce, lokacin da ruwan sama ya fi na yanzu yawa, wannan kwari kogi ne sosai. Yau ruwansa ya koma ƙarƙashin yashi. Shi ya sa a wasu wurare na fadama, in an haƙa rijiya gaba biyu ko uku, sai a tarar da ruwa. Da shi ake noman rake da rogo da dankali, ake ban ruwan garka. Da damina kuma ƙoramu suna gangarowa daga tudu, su ratsa garuruwa, su cika tabkuna.

A wata makaranta ta wannan yanki, cikin watan Yuni, an yi ruwan farko da dare. Kowa ya yi murna, manoma suka fita shuka. Bayan kwana uku malam ya kira suna, sai ya ga yara biyar ba su zo ba.

– Ina ƴan'uwanku? in ji malam.

Wata yarinya ta ɗaga hannu.

– Malam, ƙanena yana kwance, cikinsa ke ciwo. Tun jiya yake gudawa. Inna ta kai shi likita da asuba.

Wani yaro ya ce maƙwabcinsu ma haka. Malam ya tambayi inda gidajen yaran suke ɗibar ruwa. Ashe huɗu daga cikinsu rijiya ɗaya suke sha, wadda ke bakin tabki, gangaren gari.

– Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, in ji malam. Gobe da safe kowa ya zo da littafinsa da alƙalami. Za mu bi sawun ruwa, mu ga ta inda ya biyo.

Karatu na 2: Bin sawun ruwa

Da gari ya waye suka hau tudu, inda ƙorama ta faro. Ruwa ya riga ya wuce, amma sawunsa na nan a kan yashi. A cikin wani ramin dutse suka sami sauran ruwan sama. Malam ya cika kwalba ta farko da shi.

Suka gangara. A gefen gari ƙorama ta bi ta tsakiyar juji. Ga leda baƙa ta sarƙe a jikin ƙaya, ga tsumma, ga matattun batura, ga mushen akuya. Gaba kaɗan suka toshe hanci, don nan ne waɗanda ba su da salanga a gida suke zuwa kewayawa. Duk abin da aka tara tun rani, ruwan dare ɗaya ya kwashe shi.

A bayan kasuwa suka ga inda mahauta ke zubar da jini da kayan tumbi. Kusa da nan mai gyaran moto ya juye baƙin mai a ƙasa, ƙasar ta yi baƙi ƙirin. Kowane gida kuma ya sako rariyarsa cikin hanya. Yara suna tafe suna rubuta abin da suka gani.

Daga ƙarshe suka iso tabki. Mata suna wanki a wannan gefe, shanu sun shiga har gwiwa a wancan gefe. Masu tubali suna kwaɓa ƙasa. Wasu ƴan yara suna iyo. Wani mai garka yana wanke famfon feshin maganin ƙwari a bakin ruwa. Malam ya cika kwalba ta biyu.

Taku goma sha biyar daga tabkin, ga rijiyar. Ba ta da baki mai tudu, ba ta da murfi. Igiyar guga tana kwance cikin taɓo, inda dabbobi suka tattaka. Malam ya ja guga ɗaya, ya cika kwalba ta uku.

Wani tsoho yana gyaran darni a garkarsa. Yara suka durƙusa suka gaishe shi.

– Sannu da aiki, Baba.

– Yawwa ɗiyana, sannunku. Malam, ina gajiya? Yau karatun a bakin tabki aka yin shi?

Malam ya gaya masa abin da ya kawo su. Tsohon ya naɗe ƙafar wandonsa, ya nuna wa yaran wani tabo a idon sawunsa.

– Kun ga wanga? Kurkunu ne. Da muna samari, ruwan tabki muka sha in mun tafi gona. Shekara na zagayowa sai ƙafa ta kumbura, tsutsa ta fito kamar zare. Wata biyu ina kwance, haki ya cinye mini gona. Daga baya anka kawo mana ƙyallen tacewa, anka hana mai kurkunu shiga ruwa. Ku yanzu sai dai ku ji labari.

Gaskiyar tsoho. Ƴan tsutsotsin kurkunu suna cikin wasu ƴan mitsi-mitsin halittu na ruwan tabki. In mutum ya sha su, bayan kamar shekara guda tsutsa takan fito, tsawonta yakan kai mita ɗaya. A shekarar 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3,5 ke fama da ita a duniya. A shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu sauran kurkunu a Nijar. Ba allura aka yi ba, ba ƙwaya aka sha ba. Ruwan sha aka gyara.

Karatu na 3: Abin da ido ba ya gani

Da suka koma aji, malam ya jera kwalaben uku a kan tebur. Ta farko ta ɗan yi fari. Ta biyu ja ce wur, tana wari. Ta uku kuwa garau take.

– Wace za ku sha? in ji malam.

Duk suka nuna ta uku.

– To, ita ce ƴan'uwanku suka sha.

Aji ya yi tsit. Malam ya aika aka roƙi majo, wato shugaban ɗakin likita, ya zo ya yi musu bayani. Majo ya ce dauɗar ruwa iri uku ce.

Ta farko ita ce wadda ido ke gani: laka, leda, tsumma, ganye. Wannan tacewa tana raba ta da ruwa.

Ta biyu ita ce mai rai, wato ƙwayoyin cuta. Sai da madubin likita ake ganinsu. Yawancinsu daga kashin mutum da na dabba suke fitowa. Su ke kawo gudawa da atuni da zazzaɓin hanji da shan inna da kwalara. A shekarar 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 5.000 a Nijar, har da jihar Doso, ta kashe fiye da 150.

Ta uku ita ce wadda ta narke cikin ruwa kamar yadda gishiri ke narkewa: maganin feshi, gubar batir, gishirin da ke fitowa daga taki da salanga. Wannan ko an tafasa ruwa ba ta fita. Wani lokaci ma daga cikin dutsen ƙarƙashin ƙasa take zuwa. A Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, an haƙa rijiya mai zurfi a shekarun 1980. Ruwanta garau yake, amma sinadarin fuliyo ya yi masa yawa. Yara da yawa haƙoransu suka ɓaci, ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Don haka kowace sabuwar rijiya sai an auna ruwanta kafin a sha.

Wani yaro ya tashi.

– Majo, ai rijiya daban, tabki daban. Yaya aka yi dauɗar ta shiga rijiya?

Majo ya zana hoto a allo. Ya ce ƙasar fadama yashi ce, ruwa yana ratsa ta kamar yadda yake ratsa rariya. Ruwan tabki da na rijiyar da ke kusa da shi a ƙarƙashin ƙasa haɗe suke. In tafiyar tana da nisa, yashi yakan tare yawancin ƙwayoyin cuta. In taku goma sha biyar ce, ba ya iyawa. Ban da wannan, rijiyar ba ta da baki, ruwan sama yana malalowa ya faɗa ciki. Igiyar da ta kwanta cikin taɓo kuma, duk jan guga ɗaya tana kai nata rabon.

Majo ya ƙara ja musu kunne game da iyo a tabki. Mai tsargiya in ya yi fitsari cikin ruwa, ƙwan cutar yakan ƙyanƙyashe ya shiga jikin katantanwa. Daga nan ƴan tsutsotsi su fito, su huda fatar mai wanka ko mai wanki. Bayan ƴan makonni sai yaro ya fara fitsarin jini. Wasu suna cewa alamar girma ce. Ba haka ba ne, cuta ce, tana kuma da magani. Tun shekarar 2004 aka fara rabon ƙwayar maganinta a makarantun Nijar. Amma in tabkin bai gyaru ba, yaro ya warke ya koma ya sake ɗauka.

Karatu na 4: Ƙoramun manyan birane

Abin da yara suka gani a garinsu, akwai shi a manyan birane, har ya fi haka.

A Yamai akwai wani kwari da ya ratsa birni, sunansa Gunti Yena. Ruwan wanka da na wanki da sharar unguwanni da yawa ta nan suke bi, su faɗa kogin Isa kusa da gadar Kenedi. A bakin kwarin akwai masu garka da ke ban ruwan salati da kabeji da wannan ruwa. Mutanen Yamai daga kogin suke sha, amma sai an ja ruwan zuwa Gudel da Yantala, an tace shi, an sa masa magani, kafin ya shiga famfo. Masunta da makiyaya da ƙauyukan da ke gangaren kogi, wajen Kollo da Say har Gaya, da yawansu daga kogin suke ɗiba kai tsaye. Dallol Mauri ma, bayan ya haɗu da Dallol Foga, can yankin Gaya yake ƙarewa a bakin wannan kogi.

A Kano, cikin Najeriya, ƙoramar Jakara ta ratsa tsohon birni tana kwashe ruwan kwata. Rafin Getsi yana kawo mata ruwan masana'antun Bompai. Kogin Calawa kuma yana karɓar ruwan manyan majemu, inda ake jimar fata da sinadarai masu guba. Da irin wannan ruwa wasu manoman bayan birni suke noman rani.

Kogin da ya ɓaci yana iya gyaruwa. Birnin Landan na ƙasar Ingila yana bakin kogin Tems. A shekarar 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan suke ɗibar ruwa, kamar yadda malam ya tambayi ajinsa. Ya gano famfo ɗaya suke sha. Aka cire hannun famfon. Daga baya aka tarar ramin salanga ne ke kusa da rijiyar. A shekarar 1858 kogin Tems ya yi wari har ƴan majalisa suka kasa zama a ɗakinsu na bakin ruwa. Sai aka gina manyan hanyoyin ruwan ƙazanta a ƙarƙashin birni. Duk da haka a shekarar 1957 masana suka ce kogin ya mutu, don kifi ba ya iya rayuwa a tsakiyar birni. Aka gyara wuraren tace ruwan ƙazanta, aka hana masana'antu zuba guba. Yanzu an ƙirga irin kifi fiye da 100 a cikinsa. Aikin ya ci shekaru da kuɗi masu yawa. Tsare ruwa tun bai ɓaci ba ya fi araha.

Nijar tana da dokoki a kan haka. Dokar ruwa ta shekarar 2010 ta hana gurɓata ruwa. Dokar watan Nuwamba na 2014 ta hana shigo da leda marar kauri da sayar da ita. A shekarar 2004 kuma aka sa Dallol Mauri cikin jerin wurare masu dausayi da duniya ta yarda a kiyaye, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Amma doka tana cikin takarda. Mai zubar da shara da mai jan guga suna cikin gari.

Karatu na 5: Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Ran Juma'a da marece malam da majo da yara uku suka tafi ƙofar maigari. Yarinyar da ƙanenta ya kwanta ita ta karanta abin da aji ya rubuta, tun daga tudu har bakin rijiya. Dattawa suka saurara. Sarkin fawa ya ce mahauta ba su da wani wuri. Wani makiyayi ya ce shanu ba su san iyaka ba, dole su sha. Wata tsohuwa ta ce rijiyar famfo tana da nisa, kuma da kuɗi ake ɗiba.

Maigari ya ce kowa ya faɗi gaskiya, amma yara biyar a kwance ba wasa ba ne. Aka daɗe ana shawara. Ga abin da aka tsayar:

1. A ɗaga juji daga hanyar ƙorama, a mai da shi tudu. Abin da ke ruɓewa a kai gona ya zama taki.
2. Mahauta su haƙa rami su riƙa binne jini da kayan tumbi. Mai gyaran moto ya tara baƙin mai cikin tano.
3. Kowane gida ya yi ƙoƙarin gina salanga. Tsakaninta da rijiya kada ya gaza mita 30, ta kasance gangaren rijiya, raminta kuma kada ya kai ga ruwa.
4. A yi wa rijiya baki na siminti da daɓe da murfi, a kafa gwafa ta rataye guga, a kewaye ta da darni.
5. A ware mashayar dabbobi a gefe ɗaya na tabki. Famfon feshi kuma a wanke shi nesa da ruwa.
6. Samari su jera duwatsu a kan tudu, su gicciye hanyar ruwa, a dasa itatuwa a bakin ƙorama. Haka aka yi a tuddan da ke kewaye da Dogon Dutsi. Jerin dutse yana rage wa ruwa gudu, ya sa shi ya nutse, laka kuma ta tsaya ba ta cike tabki ba.

Majo ya ƙara da na cikin gida. Ruwan da ake shakka, a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta, sannan a tafasa shi ko a sa ƙwayar maganin ruwa a jira minti 30. Randa ta zauna a rufe, da modarta guda mai dogon hannu. A wanke hannu da sabulu bayan kewayawa da kafin cin abinci. Yaro mai gudawa kuma kada a hana shi sha. A dama cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi, a kai shi likita.

Kafin a rufe makaranta yara biyar ɗin duk sun dawo. An gama bakin rijiya. An ɗaga juji, ko da yake wasu suna fakar ido su zuba shara a tsohon wuri. Salanga kuwa gidaje kaɗan suka fara, don kuɗin siminti sai kaka. Aji ya zaɓi yara huɗu da za su riƙa zaga ƙorama da rijiya lokacin hutu, su rubuta abin da suka gani, su kawo in an koma makaranta a watan Oktoba.

Ma'anar kalmomi

Ƙorama: hanyar da ruwan sama ke bi yana gudu, takan ƙafe da rani.
Dausayi: wuri mai laima, inda ruwa yake kusa.
Majema: wurin da ake jimar fata.
Gurɓata: ɓata ruwa da dauɗa ko guba.
Darni: shingen kara.

Tambayoyi

1. Don me ake samun ruwa kusa a fadamar Dallol Mauri?
2. Don me ruwan farko ya fi na tsakiyar damina dauɗa?
3. Ku faɗi iri uku na dauɗar ruwa. Wace ce tafasawa ba ta fitarwa?
4. Ta waɗanne hanyoyi uku dauɗa ta shiga rijiyar bakin tabki?
5. Ina kamar aikin malam da na John Snow?
6. Sarkin fawa da makiyayi da tsohuwa kowa ya kawo uzuri. Wanne ne shawarar gari ba ta amsa ba? Me za ku ce a yi?

Lissafi

Mutum ɗaya yana bukatar aƙalla lita 20 ta ruwa mai tsabta kowace rana. Wani gida yana da mutum 9. Lita nawa suke bukata a rana? Bido nawa ke nan, in kowane bido yana cin lita 25? Lita nawa suke bukata a kwana 30?

Aikin yi

a) Ku huda gindin tsohuwar tukunya. Ku zuba tsakuwa a ƙasa, gawayi a tsakiya, yashi mai laushi a sama. Ku zuba ruwan tabki, ku tara abin da ke ɗigowa. Ku gwada shi da wanda ba a tace ba. Kada kowa ya sha, don tacewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta duka.

b) Ku daka ƙwayar zogala busasshiya guda biyu, ku dama garin cikin lita ɗaya ta ruwa mai laka. Ku bar shi awa ɗaya. Ku rubuta abin da kuka gani.

c) Ku zana taswirar garinku. Ku nuna ƙorama da tabki da rijiyoyi da juji da mahauta. Ku auna da taku tsakanin rijiyar da gidanku ke sha da salangar da ta fi kusa da ita.

d) Ku tambayi kakanninku yadda tabkin garinku yake lokacin ƙuruciyarsu. Ku rubuta amsar da Hausa, sannan ku taƙaita ta da Faransanci cikin layi biyar.

A riƙe

Abin da aka zubar a hanyar ƙorama, a tabki yake kwana, daga tabki ya shiga rijiya. Ruwa garau ba lalle ne ya zama mai lafiya ba. Rigakafi ya fi magani.